Tsufan Gaske da Tsufan Aro

A ƙasar Hausa idan aka ce kayan ɗaki sun tsufa, ba yabo aka yi ba. Tsufa daraja ne ga mutum da zuma da zumunci, amma ga gado da kwaba da kujera shaida ne cewa ƙarfin maigida ya ja baya. Shi ya sa hotunan da ke yawo a wayoyin mata a 'yan shekarun nan suke ɗaure kai: baturiya ta jawo tsohon teburi, ta shafe shi da farin fenti tas, ta jira ya bushe, sannan ta ɗauki sanfefa ta bi gefunansa tana kankarewa har katako ya leƙo. Ta ja da baya tana murmushi, aiki ya yi kyau. A idon Bahaushe kuwa, ta gyara ne ta kuma ɓata da hannunta.

Salon yana da tarihi, kuma ba mai tsawo ba ne. A 1989 wata 'yar Ingila mai suna Rachel Ashwell ta buɗe kanti a Santa Monica ta jihar Kalifoniya a Amurka, ta raɗa masa suna Shabby Chic, wato kwalliyar da ke cikin koɗewa. Tana bin kasuwannin gwanjo tana sayen tsofaffin kaya masu ɓantararren fenti tana sayar wa masu kuɗi. Shekara guda bayan haka, a 1990, wata mai zane a Ingila, Annie Sloan, ta haɗa fentin da ta kira Chalk Paint, wanda a Hausa za a iya ce masa fentin alli. Abin da ya ɗaukaka shi abu biyu ne: yana kama jikin katako ko da ba a kankare tsohon fenti ba, kuma idan ya bushe ba ya ƙyalli, sai ya fito da laushi kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Su ma ba su ƙago abin daga sama ba. A Suwidin, zamanin Sarki Gustav na Uku, wanda ya yi mulki daga 1771 zuwa 1792, an saba shafa wa kayan katako fenti mai launin toka da fari, kuma yadda waɗannan kaya suka koɗe bayan shekara ɗari biyu shi ne kamannin da ake kwaikwayo yau cikin yini ɗaya.

Alli ba baƙo ba ne a ɗakin Bahaushiya. Kakanni masu kaɗi suna da allinsu na ƙonannen ƙashi, wanda suke dangwala a yatsa don mazari ya juya. Farar ƙasa kuwa kowa ya san ta a bango, ya kuma san halinta: tana da kyau, tana shan ƙura, tana bin rigar wanda ya jingina. Fentin alli ɗan'uwanta ne da aka ƙara wa abin riƙo. Asalinsa fentin ruwa ne da aka cika da garin ma'adini mai laushi, irin sinadarin da ke cikin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti. Wannan gari shi ke kashe ƙyalli, shi ke ba fentin kauri, shi kuma ke sa ya kankaru cikin sauƙi. Na gwangwani da ake shigowa da shi daga waje tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, amma ba dole ne a saye shi ba. Masu haɗawa a gida suna auna garin POP, wanda ake yin silin da shi, awo ɗaya, ruwa awo ɗaya, a dama har gudaji su mutu, sannan a zuba a cikin fentin ruwa awo uku. A dama garin da ruwa tukuna. Wanda ya zuba shi kai tsaye a fenti zai yi ta fama da tsakuwa a buroshi. Kuma a haɗa kaɗan-kaɗan, don POP ba ya jiran kowa, yana soma daskarewa tun ana hira.

To, me ya haɗa wannan da Dawaki, a ƙasar Rano, inda ba a rasa abin yi da kuɗi ba?

Abin da ya haɗa su yana jingine a ɗakunan ajiya da zaurukan gidaje daga Rano har Kibiya. Matan da aka aurar a shekarun 1970 da 1980 an kai da yawansu da kwaba ta katako mai gilashi a gaba, wadda ake jera kwanuka da tasoshi a ciki, da akwatin katako, da madubi mai firam, da ƙaramin teburi. Kafintocin lokacin da katako na gaske suke aiki, mahogani da loko da ire-irensu da ake kawowa daga Kudu, ko maɗaci da madobiya na gida. Da yayi ya juya, aka fitar da su. Wasu sun zama ma'ajiyar hatsi, wasu kaji na ƙwai a ciki, wasu an faskare su an dafa tuwo. Abin da ya maye gurbinsu shi ne kayan da ake yi da allunan garin katako da aka matse da gam, waɗanda kafintoci ke kira MDF. Ranar da aka kawo su suna ɗaukar ido. Amma ba sa shiri da ruwa: daɓen da ake wankewa kullum, ko damshin watan Agusta, ya isa ya kumbura ƙafarsu, kuma idan allon ya kumbura ba ya komawa. Ƙusar da ta fita daga jikinsa ba ta sake kamawa a ramin. Matar da aka yi wa tashi sau biyu daga gidan haya ta san sauran labarin.

Katakon da aka yi waccan tsohuwar kwaba da shi kuwa yana neman gagarar mai kuɗi ma. Madobiya, wadda masu sara a Taraba ke kira Madrid, an yi mata irin saran da ba a taɓa gani ba saboda kasuwar ƙasar Sin, har taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesbag a 2016 ya sanya ta cikin itatuwan da ba a fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da izini, daga farkon 2017. Kirya ta tafi a gawayi. Sai ga tsadar rayuwa ta biyo baya: an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A al'adar da kayan ɗaki ke wuyan uban amarya, wannan lissafi ba a takarda yake tsayawa ba. Yana jinkirta aure, yana sayar da gona, yana hana dattijo barci.

Cikin irin wannan hali ne wata malamar firamare a Dawaki ta tsaya a gaban kwabar mahaifiyarta. Ƙanwarta za a aurar, mahaifinsu ya yi ritaya, kuma ta ga hotunan nan a waya. Ta kawo shawarar a gyara kwabar a sa cikin kayan amarya. Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba.

"Ke yanzu so kike 'yan ganin ɗaki su koma su ce da kayan uwarta aka kai ta?"

"Inna, ai ba wanda zai gane."

"Wanda ya haife ki ya gane."

Maganar ta mutu a nan, kuma gaskiya tana wajen tsohuwar. Ɗakin amarya fage ne, dangin miji alƙalai ne, kuma yarinya 'yar shekara ashirin ba ta da kafaɗar da za ta ɗauki yayin Kalifoniya a gaban surukai. Wanda yake da zaɓi tsakanin sabo da tsoho shi ne koɗewa take yi wa ado. Wanda ba shi da zaɓi, koɗewa tona masa asiri take yi. Masu sayen kayan Ashwell suna iya sayen sabo gobe, kowa ya sani, shi ya sa ɓantararren fenti a falonsu ake karanta shi a matsayin iya zaɓe. An yi wa amarya kayan yayi, rabi kuɗi hannu rabi bashi. Kwabar kuwa malamar ta roƙa aka ba ta, ta sa aka ɗora a kura zuwa gidanta, inda shekara goma sha biyu na aure suka ba ta 'yancin ajiye abin da take so.

Aikin farko ba fenti ba ne, bincike ne. A duba ƙafafu da baya: in gara ta ci, katakon yakan yi ƙarar kwanko idan aka ƙwanƙwasa. Ƙananan ramuka masu zubar da gari kamar na tuwo alama ce ta ƙwaro yana ciki har yanzu, kuma shafa fenti a kai binne shi ne da abincinsa. Sai kafinta ya canza abin da ya ruɓe, ya ɗaure abin da ya saki. Bayan haka wanki. Kwabar da ta shekara arba'in kusa da murhu tana ɗauke da maiƙo da hayaƙi da turaren wuta, kuma duk da abin da ake faɗa cewa fentin alli yana kama komai, ba ya kama maiƙo. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma, ba tare da an jiƙa katakon sharkaf ba, sannan a bar shi ya bushe a inuwa. Rana tana tsaga shi.

A nan ne dattijon kafintan da ta kira ya yi mata amfani, ko da yake bai ɓoye ra'ayinsa ba. "Malama, wannan katakon ba a rufe shi. A goge a sa masa banish, ki ga ikon Allah." Yana da hujja, kuma inda jikin kwabar lafiyayye ne da hujjarsa ta fi tata. Amma wani ya riga su: a wata sallah da ba wanda ya tuna shekararta, an shafe ta da fentin mai ruwan ƙwai, ya fashe, ya ɓantare, ya shiga kowane lungu.

Wannan tsohon fentin mai shi ne wurin da ya kamata a dakata, domin hotunan waya ba sa faɗar haɗarinsa. Fentin mai na da, musamman ja da rawaya, sau da yawa yana ɗauke da dalma. Amurka ta haramta shi a gidaje tun 1978, amma gwaje-gwajen da aka yi wa fentin da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya sun sha nuna dalma fiye da kima shekaru da yawa bayan haka. Muddin yana manne a jikin katako, sharrinsa kaɗan ne. Sanfefa ce ke mayar da shi ƙura, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Arewa ta riga ta san abin da gubar dalma ke yi: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙurar kwaba ɗaya ba ta kai wannan ba, ko kusa, amma dalma ba ta da ƙaramin awon da likitoci suka ce lafiya ne ga ƙwaƙwalwar yaro. Saboda haka babbar fa'idar fentin alli a gida irin na Dawaki ita ce yana rufe tsohon fenti ba tare da an tayar da shi ba. Abin da ya ɓamɓaro a jiƙa shi a cire a hankali a kan shimfiɗar leda, a ƙulle a kawar, yara da mai juna biyu suna nesa.

Akwai wata matsalar da sai an shafa take bayyana. Mahogani da maɗaci suna da jan ruwa a jikinsu. Inda katakon yake tsirara, farin fentin ruwa yana jawo wannan launi, a wayi gari kwaba ta yi tabo-tabo kamar an watsa mata ruwan goro. Ƙara shafi ba ya magani, tabon yana biyo kowane shafi. Sai an fara toshe wurin da shelak, wani ƙaro da ake samu daga ƙwari a Indiya wanda masu folish suka sani, sannan a shafa fenti.

Lokacin aiki ma yana da magana. Hunturu yana busar da fenti cikin mintuna, abin da ke da daɗi, amma buroshi yana ja, kuma ƙurar da ke yawo tana mannewa. Damina tana jinkirta bushewa, ƙofofi sun kumbura, abin da aka daidaita a Agusta zai yi sako-sako a Janairu. Mafi sauƙi shi ne kaka, da sassafe, a cikin ɗaki.

Launi biyu malamar ta zaɓa, shuɗi a ƙasa, fari a sama. Ba daga waya ta ɗauko shuɗin ba. Tun a labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, kuma wanda ya tashi a ƙasar ya san yadda tsohon zane mai rini ke koɗewa a bakin lanƙwasa. Dabarar mai sauƙi ce. Bayan shafin shuɗi ya bushe, a goga kyandir a wuraren da ake so ya leƙo. A shafa fari a kai sau biyu. Fentin ba ya kama inda kakin kyandir yake, don haka tsumma mai ɗan damshi ya isa ya ɗauke shi, ba sai an kai ga sanfefa ba, ba kuma a taɓa tsohon fentin mai da ke can ƙasa ba. Daga ƙarshe a rufe da kaki, domin fentin alli tsirara yana shan datti kamar farar ƙasa. Kakin zuma awo ɗaya a narke cikin mai awo uku ko huɗu, a shafa siriri, a bar shi ya kwana, a goge da tsohon zane har ya yi santsi. Wanda ya labta da yawa zai gane kurensa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kaki ya yi laushi ya riƙe ƙura.

Sauran tambayar ita ce ina ake kankarewa, kuma a nan ake gane mai ido. Tsufa ba ya sauka a kan abu kamar yayyafi. Yana bin hannu. Yana kan marikin ƙofa, da kusurwar da zane ke shafa idan an wuce, da ƙasan ƙafa inda tsintsiya ke duka kowace safiya. Wanda ya kankare tsakiyar allo, inda ba abin da ke taɓawa, ya yi ƙaryar da ko yaro zai kama. Malamar ta bi wannan ƙa'ida, ta fito da shuɗi a bakin ƙofofin biyu daidai wa daida. Da tsohuwar ta zo gani, ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna ƙofar dama da haɓa.

"Wannan ai ba a buɗe ta. Tun da makullinta ya ɓata, ta hagu nake kamawa."

Ƙirƙirar tsufa kuwa sana'a ce da wasu Hausawa suka riga Annie Sloan sani. Christopher Steiner, a littafinsa African Art in Transit na 1994, ya bi kasuwar kayan sassaƙa ta Abijan, inda fatake Hausawa ke cikin manyan dillalai. Turawa masu saye ba sa son sabon sassaƙa. Suna son wanda aka yi amfani da shi, mai baƙin hannu da tabon shekaru. Kasuwa kuwa abin da ake nema take kawowa. Sai a sassaƙa abu yau, a rataye shi a hayaƙi, a shafa masa abin da zai rina shi, a ajiye shi inda ƙasa da ƙwari za su taɓa shi, bayan 'yan makonni ya fito da kamannin kakan kakanni. Hannun da ke wannan aiki da hannun da ke goga kyandir a kwaba abu ɗaya suke yi. Bambancin yana wajen ciniki. Wanda ya ƙawata kayansa, ko ya sayar yana cewa ga tsohuwar kwaba da sabon fenti, ado ya yi. Wanda ya kankare sabon katako ya ce na zamanin Sarki Alu ne, algus ya yi, kuma sunansa bai canza ba don an yi shi da buroshi mai tsada.

Haɗarin da ya fi kusa da Dawaki shi ne na wanda buroshi ya yi wa daɗi. Kwaba ta yi kyau, sai ido ya koma kan duk wani katako da ke gidan. Akwai abin da bai kamata fenti ya kusanta ba. Duk abin da abinci ke taɓawa yana ciki: akushi, turmi, taɓarya, muciya, maburgi. Fentin bango da POP ba abin ci ba ne. Sannan akwai abin da kyansa shi ne fatarsa. Baƙin akushi daga wutar masassaƙi ya faro, shekaru na man shanu da miya da tafin hannu suka ƙarasa shi. Kujera 'yar tsugunno da ta lotsa a tsakiya, ta yi sheƙi inda ake zama, tana ɗauke da ainihin abin da masu sanfefa ke wahalar kwaikwayo. A rufe ta da fari sannan a kankare don ta yi kama da tsohuwa wauta ce mai hawa biyu. Tsohon ƙyaure mai sassaƙa ko sirdi na gidan sarauta kuwa ya wuce batun ado. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana lissafa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, kuma wanda ya ga irinsu a Gidan Makama a Kano ya san ba a shafa musu komai. Fentin alli na kayan kafinta ne da wani fentin ya riga ya ɓata, ko waɗanda katakonsu ba shi da abin nunawa. Kayan masassaƙi, wanda gizago ya fitar daga gungume ɗaya, mai kawai yake so.

A cikin kwabar, can ƙasa bayan tsofaffin tasoshi, an sami akushi guda da ya bushe ya yi furu-furu, da 'yar tsaga a baki. Malamar ta ɗauko shi tana juyawa, ragowar farin fenti na gefenta a roba. Tsohuwar ta miƙa hannu ta karɓe, ta aiki jika ya sayo man kaɗe na naira ɗari biyu. Kwana uku tana shafawa tana ajiyewa a inuwa, katakon yana shanyewa, kafin baƙin ya dawo.